Ƴaƴan Dara da Sauran Kayan Wasan Magabata: Yadda Ake Gane Su

Duk lokacin da aka buɗe taskar gidan sarauta domin biki irin wannan na cikar shekara ɗari, abubuwan da ido ke fara sauka a kansu sanannu ne: tambari da kakaki, takobi da sulke, alkyabba da sandar girma, sai wasiƙun ajami masu hatimi. Waɗannan kowa ya san darajarsu. Amma can ƙarƙashin adaka, ko cikin wata tsohuwar tukunya a kusurwar ɗaki, akan tarar da ƴar jakar fata ko batta cike da tsakuwa masu santsi, da ƙwallaye da suka yi baƙi, da wuri, da guntayen itace masu tsini. Sau da yawa wanda aka sa gyaran ɗakin yakan ɗauke su tarkace, ya watsar a juji ko ya miƙa wa yara. In kuwa akwai na tagulla ko na ƙashi a ciki, sai a tsame shi a sayar wa dillalin kayan da, sauran su bi shara.

Alhali cikin irin wannan jaka ake samun shaidar wani ɓangare na rayuwar fada wanda masu rubuta tarihi ba su cika kula da shi ba: yadda manya ke hutawa bayan an tashi daga fadanci, da irin baƙin da suka zauna da su, da hanyoyin fatauci da suka ratsa gari. Wahalar ita ce ɗan wasa guda ba ya faɗin sunansa. Tsakuwa tsakuwa ce, wuri wuri ne. Abubuwa huɗu ke tabbatar da cewa kayan wasa ne, su kuma nuna wane wasa: adadinsu, da abin da aka yi su da shi, da irin cin da hannu ya yi musu, da bakin dattijon da ya san mai su. Dukan huɗun nan suna ɓacewa ranar da aka raba kayan da juna.

Dara iri biyu, ƙidaya iri biyu

Sunan dara a bakin Bahaushe ya haɗa wasanni biyu da ba su da dangantaka sai ta gurabe. Mai son gane ƴaƴansu dole ya fara raba su.

Ta farko ita ce darar dattawa, wadda ake haƙa wa gurabe talatin a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Zabarmawa na ce mata dili, a wasu wurare kuma akan kira ta doki. Kowane ɗan wasa na riƙe da ƴaƴa goma sha biyu. Da farko sai su yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda kowa ya jera uku ba tun ana dasa. Idan ashirin da huɗun nan suka zauna, saura gurbi shida ke nan babu kowa, sai a fara tafiya: ɗa ya gusa gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku cif ya ci ɗa guda na abokin karawarsa. Jerin huɗu ba ya ci. Wanda ƴaƴansa suka ragu har ba zai iya jera uku ba, an kashe shi.

Tun da kowane ɓangare na da nasa ƴaƴa, tilas su bambanta a ido. Shi ya sa bisa al'ada ɗaya kan riƙe tsakuwa ko ƙwallo, ɗayan ya riƙe kara ko tsinken itace da ake cakawa a gurbi. To, duk jakar da aka samu da abu iri biyu, masu kusan yawa ɗaya, kuma babu irin da ya wuce goma sha biyu, zato mafi ƙarfi shi ne ta wannan dara ce.

Ta biyu ita ce darar zuba, mai gida goma sha biyu, shida suna fuskantar shida, ana sa ƴaƴa huɗu a kowane gida. Jimla arba'in da takwas ke nan. Mai wasa ya kwashi abin da ke gida guda ya bi yana zubawa ɗaya ɗaya. Yarbawa na kiranta ayo, mutanen Asante na ce mata oware, Larabawa kuma mankala, daga kalmarsu ta ciratar da abu daga wuri zuwa wuri. A nan ƴaƴan ba na kowa ba ne sai an ci su, saboda haka duka iri ɗaya ne, launi ɗaya, girma ɗaya, kuma ƙanana, yadda tafin hannu zai iya ɗaukar goma ko fiye a lokaci guda. Idan aka tarar da ƙwallaye talatin da wani abu ko arba'in da wani abu, ba mai bambanci da wani, darar zuba ce ta bar su.

Wasannin baƙi su ma kowanne da lissafinsa. Dam ta Faransawa, mai gida ɗari, ƴaƴa ashirin farare ne da ashirin baƙaƙe. Ta Ingilishi, mai gida sittin da huɗu, goma sha biyu ne kowane ɓangare, daidai da darar dattawa, sai dai nata faifai ne masu faɗi. Nardi, wanda Larabawa da Kwarori ke bugawa, goma sha biyar ne kowane ɓangare, tare da ƙwayoyin jifa biyu masu ɗigo. Shaɗaranji goma sha shida ne kowane ɓangare, siffa iri shida. Domino ashirin da takwas ne. Lido goma sha shida ne, launi huɗu.

Da wuya a sami tsohuwar jaka cikakka, amma ko ragagga tana da abin faɗi. Wanda ya ƙirga faifai baƙaƙe goma sha bakwai ya san ba na nardi ba ne, ba kuma na dam ta Ingilishi ba, domin babu ɗayansu da ya kai haka. Adadin da ya rage ba ya faɗin nawa suka ɓace, amma yana fitar da duk wasan da ƴaƴansa ba su kai yawan abin da ke hannu ba.

Abin da ƙasa ta bayar, da abin da fatake suka kawo

Yawancin ƴaƴan dara na ƙasar nan daga gindin itace aka tsince su: ƙwallon aduwa, ƙwallon dabino, ƙwallon magarya, ƴaƴan tsamiya, ko tsakuwar gulbi. Makiyaya kan wadatu da busasshen kashin raƙumi. Irin waɗannan ba a ajiye su, in an tashi wasa sai a bar su nan, gobe a tsinci wasu. Don haka in an ga an tara su a jaka an ɗaure, har sun yi shekaru, wannan kansa alama ce cewa mai su ya ɗauki wasan da muhimmanci, ko kuma ya zaɓe su ne ɗaya ɗaya saboda daidaiton girmansu.

Akwai wani ƙwallo da ya cancanci a tsaya a kansa. Launinsa toka-toka ne, yana da sheƙi da tauri kamar dutse, girmansa bai wuce kan babban yatsa ba, in an kaɗa shi wani lokaci a ji ƙwaya na motsi a ciki. Ɗan wata ƙaya ce mai yaɗo wadda ta fi son bakin teku da ƙasashen kurmi, kuma da shi Yarbawa da mutanen Asante ke darar zuba har yau. Wanda ya same shi a tsohon gida a Maraɗi ko Ƙonni ko Tasawa, ya tuna da fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja, suna sauka kasuwar Salaga, da waɗanda suka bi hanyar Ilori da Ikko. Ƙwallon ba zai faɗi sunan wanda ya kawo shi ba, amma ya nuna cewa gidan ya taɓa hulɗa da kudu.

Haka kuma akan sami tsingaro, wato guntun fasasshiyar tukunya, da aka goge gefensa a kan dutse har ya zama da'ira. Masu tonon kufai na yawan cin karo da irinsa a tsofaffin garuruwan Afirka ta Yamma, kuma ba su gaggawar ce masa ɗan dara, domin yana iya zama marfin ƙaramin tulu ko abin ƙirga. Guda ɗaya ba hujja ba ne. Goma sha biyu masu girma ɗaya a wuri ɗaya, wannan magana ce.

Wuri: kuɗi, ado, duba, ko caca

Babu abin da ya fi wuri rikita mai bincike, saboda ayyukansa sun yi yawa. Kafin zuwan Nasara shi ne kuɗin ƙasar Hausa. Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, ya ga ana ƙirga wuri dubu ɗari biyar a can, ya kuma lura cewa a ƙasashen nan ba a shirya wuri a zare kamar yadda ake yi a wasu wurare na bakin teku, sai dai a ƙirga shi ɗaya ɗaya. A Kano a wannan shekara wuri 2,500 ne ke sayen liyari guda. Wuri dubu ashirin kuwa shi ne keso.

Daga wannan bayani mai bincike zai ci riba biyu. Ta farko, wurin da ya yi aikin kuɗi a ƙasar nan bayansa lafiya lau yake, ba huji. Idan aka ga an yanke bayan ko an goge shi har ya buɗe, to an yi haka ne don wata manufa: a ɗinka shi a jikin fata ko laya ko kayan doki, ko a yi duba da shi, ko a jefa a caca. Wanda aka ɗinka yakan nuna sawun zare a bakin hujin, wani lokaci da guntun zaren ko jijiya a maƙale. Wanda aka jefa kuwa gefensa yakan dakushe ko'ina daidai, kuma adadinsa kaɗan ne, abin da hannu guda zai dunƙule.

Riba ta biyu ta shafi zamani. Wuri iri biyu ne ya shigo. Na farko ƙarami ne, fari mai ɗan rawaya, da ƙulle-ƙulle a kafaɗunsa, asalinsa tsibiran Maldib ne a Tekun Indiya, shi ne tsohon kuɗi. Na biyu yana da zobe mai ruwan goro a bayansa, daga gaɓar Afirka ta Gabas yake, kuma ƴan kasuwar Hambug ta Jamus ne suka fara kwararo shi daga Zanzibar wajen 1845, har yawansa ya karya darajar wuri. Jakar da mai zobe ya yi yawa a cikinta da wuya ta girmi tsakiyar ƙarni na 19. Da mulkin mallaka ya kafu a farkon ƙarni na 20, aka shigo da kuɗin ƙarfe, wuri ya faɗi, sai abin da ke sayen hatsi jiya ya koma hannun yara da masu dara. Yawancin wurin da ake samu cikin kayan wasa daga wannan lokaci ya fito.

Dalilin da ya sa kayan caca suka fi kowanne wuyar samu a gidajen manya a fili yake. Alƙur'ani mai girma ya haramta caca cikin Suratul Ma'ida, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilimi a ƙasar nan ke karantawa, ta hana wasan nardi da na shaɗaranji. Abin da ake yi a ɓoye ba a barin sa gado. Dara kuwa, muddin ba a sa kuɗi ba kuma ba ta hana salla ba, dattawa sun daɗe suna yin ta a sarari, a ƙofar gida da gindin itace.

Shaɗaranjin Barno

Daga cikin abin da zai fi kowanne daraja in an same shi akwai ƴaƴan shaɗaranji irin na da. Wasan ya taso daga Indiya wajen ƙarni na 6, ya bi ta Farisa ya shiga hannun Larabawa, su kuma suka yaɗa shi. A 1934 wani jami'in mulkin mallaka na Ingila mai suna C. K. Meek ya buga bayanin irin wanda aka yi a Barno, ana ce masa tsatsarandi. Abin sha'awa, Barebari sun sa wa ƴaƴan sunayen sarautunsu: sarkin wasa shi ne Mai, na kusa da shi Ciroma, na kusurwa Kaigama, doki kuma fer, wato doki da Barbarci. Waɗannan sunaye ne da kunnen mutumin Damagaram ya saba da su, domin Damagaram ta daɗe tana kai gaisuwa Barno, tsarin sarautunta ma da yawa daga can ya samo asali. Saboda wannan dangantaka, bai kamata wanda ke gyaran tsohon ɗaki a Birnin Damagaram ko Mirya ko Gure ya yi sakaci da duk wani sassaƙaƙƙen itace mai baƙuwar siffa ba.

Yadda ake gane su shi ne, masu sassaƙa a ƙasashen Musulmi sun guji siffanta mai rai, sai suka bar alama kawai. A tsohon salon Larabawa sarki da waziri kamar ƴar kujera suke, na sarki ya fi girma. Giwa dunƙule ce mai ƙahoni biyu ƙanana a gaba, maimakon haure. Doki dunƙule ne mai tsini guda. Na kusurwa yana da faɗi, da tsaga a ka kamar bakin gwafa. Sojoji takwas ne kowane ɓangare, ƙanana, iri ɗaya. Idan kuwa aka ga doki da kai da geza sosai, da sarki mai gicciye a ka, da na kusurwa kamar hasumiyar ganuwa, wannan salon Turai ne da aka fitar a Ingila a 1849, ya kuma iso nan ta hannun Nasara ko ƴan lakwal.

Kayan zamanin Nasara

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, garin ya zama babban birnin mulkinsu har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kantuna suka kafu. Da sojoji da ma'aikata da ƴan kasuwa sai ga dam da domino da karta da lido. Tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin 1914 zuwa 1918 da na 1939 zuwa 1945 su ma sun taho da abin da suka koya a bariki.

Waɗannan kaya sun fi sauƙin sa wa zamani, saboda injin ne ya yi su. Faifan dam na kanti yana da da'irori a fuskarsa, sawun injin da ya juya shi, kuma duka girmansu ɗaya ba ragi. Wanda masassaƙin gari ya kwaikwaya yana nuna sawun wuƙa, babu biyu da suka yi daidai. Tsohon domino hawa biyu ne: farin ƙashi a sama, baƙin itace a ƙasa, da ƴar ƙusar tagulla a tsakiya tana riƙe da su. Daga baya aka koma yin sa da roba mai tauri irin ta Bakelite, wadda aka ƙirƙiro a 1907. Ita wannan in an goga ta da yatsa har ta yi ɗumi takan ba da wani wari kamar na magani. Robar zamani mai sauƙin nauyi, mai layin zubi a gefe, ta bayan yaƙin duniya na biyu ce.

Karta ma tana faɗin hanyar da ta biyo. Wadda ke da haruffan R da D da V a kusurwa ta Faransa ce, in kuma ganyenta talatin da biyu ne, ta bilot ce. Mai K da Q da J ta Ingilishi ce. Mai da'ira da tauraro da gicciye da murabba'i da kusurwa uku kuwa Whot ce, wadda aka ƙirƙiro a Ingila a 1935 ta kuma sami karɓuwa a Najeriya. A gari irin Maraɗi, wanda ƙafarsa ɗaya ke kasuwar Katsina da Kano, ba abin mamaki ba ne a sami duka ukun a adaka guda.

Game da fararen ƴaƴa, a rarrabe ƙashi da hauren giwa. Ƙashi yana da ƙananan ɗigo-ɗigo ko gajerun layuka baƙaƙe, hanyoyin jini ke nan da datti ya cike. Haure sumul yake, ya fi nauyi, in an duba inda aka yanke shi a gicciye sai a ga layuka sun sarƙe kamar saƙar raga. Wanda ya gaji abin haure ya sani cewa tun 1989 ƙasashen duniya suka amince da hana cinikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa.

Akan kuma tarar da kuɗin ƙarfe cikin ƴaƴan wasa, kamar anini ko kwabo mai huji na Ingilishi, ko tamma ta Faransa, an sa su madadin ɗan da ya ɓace. Shekarar da ke jikin kuɗin tana nuna cewa an ci gaba da wasa da jakar har bayan wannan shekara. Amma a yi hattara da liyari mai hoton sarauniya Mariya Tereza: duk wanda aka buga bayan rasuwarta 1780 ke jikinsa, ko da an buga shi shekara ɗari da hamsin bayan haka. Marfin kwalbar lemo a tsakiyar tsofaffin ƙwallaye shi ma kada a cire shi. Shaida ce cewa jikoki sun ɗora daga inda kakanni suka tsaya.

Kama da wane ba ta wane

Abubuwa da yawa na kama da ƴaƴan wasa alhali ba su ba ne. Dunƙulen yumɓu mai huji a tsakiya, sau da yawa da zane a jikinsa, gululu ne na mazari, kayan kaɗin mata. Dunƙulen dalma ko ƙarfe mai nauyin da ya fi girmansa yana iya zama harsashin bindigar da, musamman a Damagaram, inda Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi har ya sa aka ƙera igwa a cikin gari. Ƙananan tagulla ko duwatsu da girmansu ke hawa daki-daki, kowanne ya fi na bayansa, ma'aunin zinariya ne ko na turare, domin ƴaƴan wasa daidaito ake nema gare su. Ƙwallaye masu huji daga gefe zuwa gefe tsinkakken carbi ne ko dutsen wuya. Tsakuwa ƴan kaɗan masu santsi a ɗakin mata sun fi kama da na carafke.

Hannu kuma yana barin sawunsa. Ɗan darar da aka shekara ana juyawa yakan yi sheƙi ko'ina, irin sheƙin da gumi da man hannu ke bayarwa. Tsinken da ake cakawa a ƙasa kansa yakan yi baƙi da santsi, gindinsa ya dakushe ya yi fari saboda cin rairayi. Akushin darar zuba na gaske gurabensa sun sha hannu, sun yi zurfi da laushi, gefensu ya lanƙwashe inda yatsu ke shiga. Na jabu, wanda aka sassaƙa jiya aka turara da hayaƙi ko aka shafe da man takalmi don a ruɗi mai saye, baƙinsa ɗaya ne ko'ina, har inda hannu ba ya kaiwa, cikin gurbin kuma da kaushin gizago. Na tagulla da maƙeran fari suka zuba ta hanyar kakin zuma kowanne da ɗan bambancinsa, tun da kowane zubi sai an fasa yumɓunsa.

Bakin dattijo

Duk waɗannan alamu suna kai mai bincike bakin ƙofa ne kawai. Wanda zai shigar da shi ciki shi ne tsohon bafade, ko tsohuwar da ta yi wa mai kayan shara, ko jikan da ya zauna gefe yana kallo. Su ne za su ce jakar ta wane ce, a wace inuwa ake haƙa gurabe, wa ke zuwa daga wace unguwa, wa ba a taɓa kashewa ba. Irin wannan sani ba a rubuce yake ba, kuma kowace shekara yana raguwa. Mutanen Maraɗi sun san yadda ambaliyar 1945 ta tashi tsohon gari daga fadama zuwa tudu, kuma kowa ya san abin da ƙaura irin wannan ke yi wa ƙananan kaya. Abin da ruwa da gara suka bari bai kamata sakaci ya ƙarasa shi ba.

Ƙasar nan ta riga ta ɗanɗana ɗacin wannan asara. Kufan Bura, a yammacin ƙasa, an gano shi a 1975, masani Bube Gado ya yi tono a wurin a 1983. Da labarin gumakan yumɓun ya bazu, sai masu haƙar sata suka afka wa yankin, har a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari. Abin da aka fizge daga mazauninsa ya zama ado a ɗakin wani, amma ya daina ba da labari. Doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta tanadi kare kayan tarihin ƙasa, sai dai doka ba ta shiga ƙarƙashin adaka. Wannan aikin masu gida ne.

Abin da ake roƙon duk wanda ya sami irin wannan jaka ba mai wuya ba ne. Kada a wanke, kada a shafa mai, kada a kankare. Kada a raba, ko da wani ya fi wani kyau, jakar kanta da igiyarta cikin kayan suke. A shimfiɗa su a kan farin ƙyalle a ƙirga, a ɗauki hoto. A rubuta a takarda, da boko ko da ajami, ɗakin da aka same su, da ranar, da sunan wanda ake jin mai su ne, da sunan wanda ya faɗa, a sa takardar cikin jakar. A nisanta su daga laima da gara. In ana son ƙarin haske, akwai gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959, da cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Jami'ar Abdu Mumuni. Kafin dillali ya ji labari, fada ta ji.

Hausawa na cewa rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Gidaje da yawa a garin nan na kwana a kan tarihinsu ba su sani ba. Takobi yana tuna mana ranakun yaƙi, ƴaƴan dara kuwa ranakun zaman lafiya suke tunawa, lokacin da basarake da talaka kan durƙusa a kan gurabe talatin, kowa da goma sha biyunsa, ba wanda sarauta ke ƙara wa ɗa guda. Ya dace a ce cikin kayan da za a nuna wa jikoki a biki na gaba, kusa da tambari da alkyabba, akwai ƴar jakar fata da takardarta a ciki.

Allah ya jiƙan magabata, ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.